Neman Na Wajen Yaya a Fadamar Haɗeja

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo kekensa faci sai ya tsuguna ya ce, "Malam Garba, wai ina ka shiga ne?" Na gaya wa Tanko, na gaya wa Liman, na gaya wa mai shayi, kowa ya je ya ƙara nasa a kai, har na ji ana cewa wai aljanun ruwa ne suka ɗauke ni. Ba aljanin da ya taɓa ni. Ɓata na yi, da ƙafata da kuma bakina. Ga shi na rubuta da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni haka. Ku da kuka san ƙarshen ku yi haƙuri, daga farko zan ɗauko.

Uwargidana ta kwanta tun tsakiyar damina. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, aka ce a ci gaba da addu'a. Wata safiya na shiga duba ta, sai ta juya fuska bango ta ce, "Ka je ka zo min da na wajen Yaya."

Na wajen Yaya shi ne ɗanmu na fari. Ko wannan da na rubuta sai da na ajiye alƙalami na ɗan huta. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka cewa naka ne. Ana yaye shi wana Sule ya zo ya ɗauke shi, da yake shi Allah bai ba shi haihuwa ba, ya tafi da shi ƙasar Haɗeja inda yake fataucin kifi. Can ya girma, can ya yi aure. Yaya ya rasu, shi ya ci gaba da zama. Sau ɗaya na taɓa zuwa ƙauyen, Garin Baushe, da rani, lokacin yaron ko gemu bai fara ba. Ita kuwa uwar tun da aka fitar da shi daga ɗakinta ba ta sake buɗe baki ta tambaye shi ba sai wannan safiyar. Shi ya sa ban tsaya shawara da kowa ba. Na rufe rumfa, na bar ta a hannun ƙanwarta Asabe, na nufi tasha.

Motar da na samu babba ce mai bodin katako, ta ɗauko gishiri da kwanon rufi, mu fasinja a sama kamar kaji. Kwanon ya yi zafi, duk inda ka ɗora hannu sai ka janye. Muka wuce Gumel lafiya. A Malam Madori direba ya ce zai sha ruwa, ya shiga wani lungu. Muka yi azahar, muka yi la'asar, ba direba. Ashe a garin yake da mata. Da ya fito yana sakace na ce masa ina da mara lafiya a gida, ya ce, "Baba, ai motar ma ba ta da lafiya, hutawa take yi."

Haɗeja tun ba ka gan ta ba za ka ji ta a hanci, hayaƙin bandar kifi ko'ina. Na tambayi masaukin fataken kifi aka nuna min zauren wani Alhaji Bukar, mutum mai fara'a, iyayensa daga wajen tafkin Chadi suka zo. Hausa suke yi a garin, amma kamar an ɗan lanƙwasa ta, sai ka kasa kunne sosai. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar da kifi ya fi ruwa yawa a cikinta. Mu a Kano kifi sai a raba maka da yatsa, su can ture shi suke yi gefe don su samu miyar.

Zauren cike yake da fatake lokacin da na gaya masa ni ƙanen Malam Sule ne na Garin Baushe.

"Allahu akbar, Sule! Allah ya jiƙansa. Mun yi ciniki da shi ba iyaka. To wa ka zo nema?"

"Ɗansa," na ce.

Ya dube ni. "Ɗansa kuma? Ai Sule bai haihu ba, kowa ya sani."

A nan ya kamata in ce nawa ne, riƙo na ba shi. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma duk idanun zauren suna kaina, bakina ya yi nauyi. Na ce, "To, akwai dai wani yaro a gidan."

"Yara ai da yawa sun zauna a gidan Sule suna koyon fatauci. Yaya sunansa?"

Na ce na manta.

Wani bafatake ya bushe da dariya ya ce, "Ka taso tun daga Kano neman mutumin da ka manta sunansa? Bashi kake binsa ko shi yake bin ka?" Alhaji Bukar ya tsawata masa, ya ce in je ƙauyen kawai, in na ga fuskar zan gane. Sai ya tambaye ni wace hanya nake so, ta rani ko ta ruwa. Na ce ni hanyar Garin Baushe nake so. Ya ce ai shi ne, kowane gari a fadama hanya biyu gare shi, wadda na sani yanzu kifi ne ke bin ta. Ni dai a Kano inda ka bar hanya jiya nan za ka same ta gobe. Ya yi min kwatance mai tsawo, da gabas da arewa da wata kuka da wani mashigi, ina ta gyaɗa kai, ko rabi ban riƙe ba.

Da safe na shiga a-kori-kurar 'yan kasuwa mai zuwa Kirikasamma. Daga can na samu wata ta ƙara gaba da ni, har inda hanya ta gangara ta shige cikin ruwa ba ta fito ba. Direban ya ce, "Ƙarshen tawa ke nan." Mai fito ya haye da ni. Ban iya ruwa ba, na ƙanƙame bakin jirgin da hannu biyu, shi kuwa yana tsaye a kan ƙafa ɗaya yana sosa ɗayar. A ƙetare na tambayi masu korar tsuntsu a gonar shinkafa, suka ɗaga haɓa suka ce nan kusa ne. Ku sani, in mutumin fadama ya ce maka nan kusa ne, to ka yi alwala ka ci abinci tukuna. Na bi kunyar gona, taɓo ya cinye min takalmi ɗaya, na cire ɗayan na riƙe a hannu, ban san amfanin riƙe shi ba.

Da rana ta karkata na iso wurin. Na gane bishiyoyin, na gane tsohuwar rijiya. Gari ne babu. Sai 'yan tuddai inda ɗakuna suka zauna, ruwa ya kewaye su, balbelu suna tsaye a inda nake zaton nan ne zauren Yaya. Na zaga na sake zagawa, har na fara shakkar ko ni ne ban taɓa zuwa ba. Wani Bafulatani da ke kiwo a tudu ya ce min kogi ne ya sauya hanya 'yan shekarun baya, ya bi ta tsakiyar garin, mutane suka watse. Wasu sun yi wajen Guri, wasu Baturiya, wasu sun yi gabas. Ya ce, "Wa kake nema a cikinsu?" Na ce wani dogo baƙi. Ya ce duk dogaye ne baƙaƙe.

A rugarsu na kwana, ban da sauro ba abin da zan iya faɗa a kanta. Sauron fadama ba ya kuka, aiki kawai yake yi.

Washegari na ga wani masunci kwance a kan ƙatuwar gora yana yawo a ruwa kamar kwaɗo, homar kamun kifi a hannunsa. Na kira shi ya matso. Tun da asuba nake ta tunanin dabarar da zan yi, sai na ce masa ina neman wani daga mutanen Garin Baushe, mai sunan Annabin da kifi ya haɗiye.

"Wanne daga ciki?" ya ce. "Ni ma sunana ke nan. Da wana, da mijin ƙanwata. Nan ai masunta ne, Malam, wane suna kake so mu sa wa 'ya'yanmu?"

Na ce wanda ya zauna da Malam Sule mai kifi. Ya yi tsalle a kan gorar har ta kusa kifewa, ya ce ya san shi sarai, ai ba a raba su da marigayi. Ya saka ni a jirgin wasu masu kai itace, ya ce su sauke ni a gidansa.

Muka yi ta tafiya cikin ciyawar da ta fi mutum tsawo. A juya dama, a juya hagu, ni ban ga abin da suke gani suke juyawa ba, ko'ina iri ɗaya ne. Rana tana gabana, can sai in gan ta a bayana. Suka sauke ni a wani ƙauye, suka ƙwala kiran sunan, na sunkuyar da kai. Sai ga wani tsoho ya fito da sanda, ido ɗaya, ba haƙori ko na rantsuwa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Abokin cinikin Yaya ne tun suna samari.

Ya yi min magana ban ji ko kalma ɗaya ba. Ya sake, ban ji ba. Sai matarsa, wata tsohuwa mai suna Ya Kaltume, ta baro wajen bandarta ta zo, ita tana jin Hausa. Na tambaye ta nan wane yanki ne na ƙasar Haɗeja. Ta ce, "Haɗeja? Ka baro Haɗeja tun ɗazu. Nan ƙasar Bade kake." Na ce to ina iyakar, ban ga komai ba. Ta ce wani ruwa mai bado da muka ratsa shi ne iyaka, bana ke nan, bara can gaba yake. Na fita daga ƙasar Haɗeja ban sani ba, ba dogari, ba ɗan sanda, ba ko turke.

Mutanen kirki ne. Tsohon da ya gane ni ƙanen Sule ne ya riƙe hannuna ya yi ta kuka da idonsa ɗaya. Aka kawo tuwon 'ya'yan bado, baƙi-baƙi, yana da ƙanshin taɓo, na ci don yunwa ba ta zaɓe. Matansu ba sa ɓuya kamar namu. Ya Kaltume a gabana ta zauna tana juya kifi tana yi min tambayoyi kamar alƙali.

"Yaron da kake nema, ɗan wa ne?"

"Na gidan Yaya ne."

"Ban ce na gidan wa ba. Sunansa fa, faɗi da bakinka."

Na dubi ƙasa.

Ta ajiye kifin ta tafa hannu. "Lale! Ɗan fari ne! Kai, Bakano, ɗanka ne ko?" Ta juya ta faɗa wa sauran matan da yarensu, wurin ya kaure da shewa. Na ji kamar in koma cikin ruwan. Ta ce, "Nan ba Kano ba ce, ba wanda ya san ka, ba surukinka a nan, faɗi mu ji." Na buɗe baki, wallahi na buɗe, na sake rufe shi. Abin da ban taɓa faɗa ba tun ranar suna ba zai fito don wata mai banda ta ce ya fito ba.

Ta ce ta tuna Sule ya riƙi wani yaro da ake kira Ɗankano, amma tun da garin ya watse ba ta san inda ya nufa ba, in gwada wajen Guri. Ta ce gobe kasuwa ce, za ta tambaya. Na roƙe ta kada ta yayata. Ta ce, "Ni? Bakina ai ƙulle yake."

Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya jera muku su ba, don ni ma sun cakuɗe min. Na san an sa ni a jirgi an ce Guri za shi, ya sauke ni a wata kasuwar barkono. Na san na bi wasu masu jakuna yini guda, da yamma na ga wata kuka mai rassa biyu, na ce wannan ta yi kama da wadda na gani da safe, suka ce ai ita ce, gewaye muka yi don ruwa ya rufe mashigi. Na san wani ya ba ni takalmin taya duka biyun na ƙafar hagu. Duk inda na tsaya salla sai na tambayi alƙibla, mutum da girmana. Kuma duk sallar da na idar fuskar nan da aka juya bango ce take zuwa min, in lissafa tun yaushe na fito, lissafin ya ƙi tsayawa.

Abin da ya fi ɗaure min kai, sai na fara iske labarina ya riga ni isa. In shiga ƙauyen da ban taɓa gani ba, mata a bakin ruwa su daina wanki su ce, "Ga shi nan, mai ɗan fari." A ba ni fura, a yi min kwatance, kowa da nasa, kowa kuma ya rantse.

Na dai iso Guri, a ƙafa, ta inda ban yi zato ba, ina tsammanin wani garin ne daban. Na zauna a inuwar ɗakin shan magani ina cire ƙaya. Malamin asibitin ya fito, wani gajere mai suna Malam Ayuba, Kirista ne daga ƙasar Jos, ya daɗe yana aiki a wurin. Ya dubi ƙafata, ya dubi takalman, ya ce, "Kai ne mutumin Kanon nan? Sannu. Ana ta jiran a ga inda za ka ɓullo." Ya ce ya san Ɗankano, ya taɓa cire masa ƙugiya a hannu, ƙauyensu ba nisa. Da na ji ba nisa sai jikina ya mutu, amma shi da yake ba ɗan fadama ba ne gaskiya ya faɗa. Ya wanke min ƙafa da wani jan magani, ya goya ni a kekensa. Sarƙar tana ta kuka, ban ce komai ba, ba ranar sana'a ba ce.

Muka tsaya a wani gida mai dangar zana, taru a shanye a kai. Malam Ayuba ya yi sallama, wata mace ta amsa daga ciki ba ta fito ba.

"Matar gida, ga baƙo daga Kano. Yana so ya tabbatar nan ne gidan da yake nema. Faɗa masa sunan mijinki."

Can ta ce a hankali, "Haba Malam, ai ka sani."

"Na sani, shi nake so ya ji. To, Baba, kai faɗi naka mu gani ko ɗaya ne."

Na shiga gyaran hula.

Malam Ayuba ya dafe kai da hannu biyu. "Ita ba za ta faɗi sunan miji ba, kai ba za ka faɗi sunan ɗa ba, ni kuma na baro marasa lafiya a layi. Mu can gida uwa kan hau dutse ta ƙwala wa ɗanta na fari kira duk ƙauye ya ji, ba wanda ya taɓa mutuwa saboda haka." Sai ya faɗi sunan da kansa, da ƙarfi. Ni na yi tari, ita ma na ji ta yi tari a bayan zana. Ya ce wannan ai ba shaida ba ce, rabin ƙauyen sunansu ke nan.

Sai ta ce, "Malam, ka tambaye shi ko yana gyaran keke a Fagge."

Na zauna a ƙasa.

Ba da ni ta yi magana ba, surukai ba sa haka. Duk da Malam Ayuba take yi, ni ina ji. Ta ce, "Ka gaya masa ba ya nan. Tun ranar kasuwar da ta wuce matan banda suka kawo labarin wani Bakano da ke yawo a ruwa yana neman ɗansa ya ƙi faɗin suna. Yana ji ya ajiye taru, ya ce mutum ɗaya ne zai yi haka, kuma ba zai fito ba sai in babu lafiya a gida. Na ce ya nemo shi tukuna. Ya ce in ya shiga nemansa a ruwan nan saɓani za su yi ta yi har kaka ta wuce. Ko riga bai sauya ba, ya tafi Kano."

Malam Ayuba ya juyo zai maimaita min, na ce na ji.

Ta turo ruwa da ƙunshin busasshen kifi ta ƙarƙashin zana. Hannunta kawai na gani. Ta ce a ce min in kwana in huta, na ce a ce mata ba zama. Malam Ayuba bai yarda ya sake ni ni kaɗai ba. Shi ya kai ni bakin ruwa, ya damƙa ni a hannun mai fito, ya ce ya damƙa ni a hannun direban motar kifi, kada wanda ya bar ni in tambayi kowa hanya. Haka aka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu kamar kaya har Haɗeja, daga can har Kano. Tafiyar da ta ci min kwanaki, komawarta ba ta kai komai ba.

Da la'asar na shigo layinmu. Tun daga bakin masallaci na hango tabarmi a ƙofar gidana, da butoci, da mutane a jere. Wasunku kuna wurin, kun ga yadda na tsaya. Liman ya taso ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ana cikin yi min gaisuwa wani dogon mutum mai gemu, wanda na ɗauka cikin baƙi ne, ya taso ya durƙusa a gabana ya ce, "Sannu da hanya." Na ce, "Yawwa." Sai da na ga duk wurin an yi shiru an sunkuyar da kai sannan na gane ko wane ne.

Da mutane suka ragu na shiga ciki. Asabe ta ce min ya sami yayarta da hankalinta. Ta ce da ya yi sallama a bakin ɗaki, ita tana fuskantar bango, sai ta ce a ba baƙo ruwa. Ya sha, ya zauna a bakin ƙofa har mata suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Asabe ta ce ita ta laɓe a bayan labule. Na ce ta kira sunan? Ta ce a'a. Ta dai juyo, ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai, matso nan." Ya matsa, ta ɗora hannu a kansa, haka suka zauna har aka kira magariba. Washegari da hantsi ta cika.

Na ce ni fa, ta tambaye ni?

Asabe ta goge ido ta ce, "Ta ce, wancan yana can yana ta yawo, ba zai iya tambaya ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta."

Da gari ya waye na ce zan je kushewa. Maƙabartar nan tun ina yaro nake shigarta, amma sababbin kaburbura sun yi yawa, ban san wanne ba ne, kuma shi ne ya sa ta a ciki da hannunsa. Na tsaya a zaure ina neman yadda zan ce masa ya raka ni. Bai jira na ce ba. Ya sa takalmi ya shige gaba, na bi shi a baya.